Masu sanin harkar furojet ku taimaka, an turo muna fom ya rikita ni

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya zafi. Don Allah ina cikin matsala kuma na san akwai injiniyoyi da ma'aikatan ƙungiyoyi a nan. Ni malamin firamare ne, lissafi nike koyarwa, ban taɓa riƙe aikin gini ba ko da na bayi ne. To a unguwarmu nan Mabera cikin Sakkwato muna da Islamiyya da yara sunka yi ma yawa, aji biyu ƙarƙashin dogon yaro suke zama, in damina ta faɗi kuma sai a tashe su, sai Allah ya haɗa mu da wata ƙungiya ta ce za ta ba da kuɗi a gina aji uku da bayi biyu da bohol mai sola. Kwamiti sunka zauna sunka ce tunda ni ne ɗan boko to ni ne sakatare kuma ni zan riƙe takardu, ban ma samu damar cewa a'a ba anka shafa fatiha.

Shekaranjiya sun turo fom ta WhatsApp shafi tara wai in cike cikin sati biyu. Wallahi na karanta sau uku kaina ya ɗau zafi. Akwai wurin sikof, akwai dilibarabul, akwai mayilston, akwai sitekholda, akwai risk rejista, sannan wai in maƙala gant cat. Na duba ƙamus na ga mayilston wai dutsen nan ne da ake kafawa bakin hanya mai nuna nisa, to mi ya haɗa dutsen hanya da ajin Islamiyya? Kuma sun ce kuɗin ba lokaci guda za su sake shi ba, kashi kashi ne gwargwadon mayilston ɗin. Ga shi kuma tun yanzu shugaban kwamiti ya fara cewa in kuɗi sun zo a ɗan ɗaga katanga kuma a fidda shago ɗaya bakin get don makaranta ta riƙa samun haya. Ku yi mani bayani da Hausa irin wanda zan iya maimaita ma dattawa bayan sallar isha'i, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Arkilla:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya ka riƙo. Kwantar da hankalinka, fom ɗin nan ya fi ban tsoro a ido, rabin abin da ke ciki duk wanda ya taɓa aurar da ɗiya ya san shi, sunan ne kawai bai sani ba.

Fara da kalmar furojet ita kanta. Aiki ne mai farko mai ƙarshe da ake yi don a samar da wani abu guda sananne. Koyarwar da kake yi kullum ba furojet ba ce, ba ta ƙarewa, amma gina aji uku furojet ne, rana za ta zo a miƙa makulli kowa ya watse.

Sikof shi ne iyakar aikin, kamar yadda ake kafa iyakar gona. Abin da ke ciki da abin da BA ya ciki. Mutane suna rubuta na farkon su manta na biyun, kuma a na biyun ake mutuwa. Kada ka rubuta "gina ajujuwa" ka tsaya, rubuta aji uku, tsawo kaza faɗi kaza, rufin kwano irin kaza, da silin ko babu, tagogi nawa, bencina suna ciki ko ba sa ciki. Sannan ka buɗe layi ka rubuta ƙarara: katanga ba ta ciki, shago ba ya ciki. Ka sa shugaban kwamiti ya sa hannu a ƙasa da alƙalaminsa.

Ina dagewa kan wannan ne saboda na sha wuya a kai. Shekarun baya na duba wani aiki na ɗakin shan magani a wani ƙauye, ba zan faɗi suna ba, ɗaki huɗu ne a takarda. Muna kai linta sai wani babba ya zo ya ce ai bai kamata a ce babu baranda ba, aka ƙara. Sati na gaba aka ce ɗakin mai gadi, ɗan ƙarami ne ai, bulo nawa zai ci. Kowanne in ka dube shi shi kaɗai ba komai ba ne, kuma kunya ta hana ni cewa a'a. Ranar da muka zo sayen kwano kuɗi suka ce ba su san zance ba, ginin ya yi damina biyu a buɗe har filastar ciki ta fara zubowa. Wannan rarrafen da aiki ke yi yana faɗaɗa a hankali shi ake ce wa sikof kirif. Ba wai an hana canji ba ne, amma duk canji a rubuta shi, a faɗi kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, mai kuɗin ya amince a rubuce kafin a aza bulo ɗaya. A wurin gini baryeshan muke ce masa. Dalili kuwa abu uku ne ke riƙe da aiki kamar duwatsun murhu, girman aiki da lokaci da kuɗi, ka taɓa ɗaya sai sauran sun motsa, in kuma ka ƙi bari su motsa to ingancin ne zai biya, sai ka ga an ƙara yashi an rage siminti.

Dilibarabul shi ne abin da za a miƙa a hannu, wanda ido zai gani a ce ga shi. Haƙa rami aiki ne, bohol mai ba da ruwa shi ne dilibarabul. Rahoton da za ka rubuta musu ma dilibarabul ne.

Mayilston kuma ƙamus bai yi maka ƙarya ba. In ka taso daga Sakkwato za ka Tambuwal, isowarka Boɗinga ba tafiya ba ce, alama ce cewa ka ci wani yanki na hanya. Haka a aiki, mayilston ba ya cin kwana ko ɗaya, matsaya ce kawai: an gama fandisho, an kai linta, an rufe, ruwa ya fito. Tunda da shi za su riƙa sakin kuɗi, ka zaɓi waɗanda hoto ɗaya zai tabbatar ba gardama. Kada ka sa "an yi rabin aiki", rabin wa?

Gant cat ba wani abu ba ne illa jadawali mai zane. Sunan wani Ba'amurke ne Henry Gantt da ya yaɗa shi wajajen 1910 zuwa 1915, tun ba kwamfuta, saboda haka rula da takardar ɗalibanka sun isa. Ayyuka a jere ta hagu, satuttuka a sama, kowane aiki ka ja masa sanda daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Kafin ka zana sai ka farfasa aikin gunduwa gunduwa har kowace gunduwa ta zama abin da za ka iya cewa wane zai yi, kwana kaza, naira kaza.

Tunda malamin lissafi ne kai bari in ƙara maka ɗaya da ba su tambaya ba. A misali kawai, fandisho kwana 10, bulo zuwa linta 14, rufi 7, filasta 10, fenti 5. Ba wanda za a fara sai na gabansa ya ƙare, jimla 46. Bohol kuma a ce kwana 12, ana iya yinsa gefe guda. To wannan sarƙa ta kwana 46 ita ce kiritikal fat, wato sarƙa mafi tsawo, kwana ɗaya ya zame a cikinta ranar miƙa makulli ta zame. Bohol yana da rarar kwana 34, ko mai injin ya yi maka alƙawarin ƙarya sati guda ba abin da ya ɓaci. Kamfanin DuPont ne ya fara aiki da wannan dabara a 1957 wajen tsara gyaran masana'antunsa.

Maman_Hanifa:

Sannu da ƙoƙari Injiniya, ka gama da ɓangaren bulo, bari in ɗauki ɓangaren mutane tunda nan ne aikina, shekaruna da dama ina bin ayyukan ƙungiyoyi a ƙauyuka ina duba ko an yi abin da aka ce.

Malam, sitekholda su ne masu ruwa da tsaki, kalmar da kake ji kullum a rediyo. Duk wanda aikin zai shafa ko yake da ikon tsayar da shi. Kuskuren da ake yi shi ne a lissafa manya kawai, mai unguwa, liman, ƙungiya, shi ke nan. Maƙwabcin da bayin zai jingina da katangarsa fa? Masu kurar ruwa da bohol ɗinku zai rage musu ciniki fa? Iyaye mata? Hukumar da ke ba da izinin gini? Na taɓa zuwa wani gari an yi bohol mai kyau, sola sabuwa fil, tanki biyu, amma an kafa famfunan dab da majalisar da maza ke zama tun safe har magariba. Ba matar da ke zuwa, 'yan mata ma sai a hana su, suna can suna jan guga a tsohuwar rijiya. Da an tambayi mace ɗaya tak kafin a haƙa da ta faɗa. A takarda aiki ya kammala ɗari bisa ɗari, a ƙasa kuwa banza. Shi ya sa za ka ga fom ɗin ya raba abin da aka samar da kuma amfanin da ya biyo baya, aji uku abin da aka samar ne, yara nawa suka bar gindin bishiya suka koma inuwar kwano kuma karatu bai tsaya da damina ba shi ne amfanin. Ka ƙirga yaran tun yau ka rubuta, maza nawa mata nawa, don in ba ka da adadin farko ba abin da za ka gwada na ƙarshe da shi.

Risk rejista kuma kada ka ji kunyar cike shi, mutanenmu suna ganin kamar mugun fata ne. Ba fata ba ne, ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali. Tebur ne kawai, me zai iya faruwa, yiwuwarsa babba ce ko ƙarama, in ya faru ɓarnar ta kai ina, me za mu yi, kuma WA zai yi. Wannan na ƙarshen shi ake bari fanko kullum. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010 da gulbin Rima ya yanke hanyar zuwa mazaunin jami'ar Ɗanfodiyo na dindindin har aka rufe makaranta ba sai an yi masa wa'azin risk ba. Naku ƙanana ne amma na gaske ne, siminti ya tashi tsakanin ranar ƙiyasi da ranar saye, ruwan sama ya tarar da ku ba ku rufe ba, azumi ya shigo lebura ya koma rabin wuni, a haƙa bohol a tarar ba ruwa, kashi na biyu na kuɗi ya makara. Na bohol ɗin maganinsa a yi gwajin ƙasa kafin a kawo injin, ku sa kuɗin gwajin a kasafi. Kuma ku roƙi a bar muku kontinjensi, wato ɗan abin ko-ta-kwana, da yawa suna yarda da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari in an nema tun farko, in aka bari sai tsakiyar aiki kuwa sai su ɗauka wani abu aka ci.

Abu na ƙarshe rasit. Ko ƙusa ta naira ɗari biyu aka saya a karɓi rasit a ɗauki hotonsa ranar, kada a ce sai an tashi rahoto. Kuma kuɗin kada su shiga asusunka na kanka Malam, ko da wasa, asusun makaranta mai sa hannun mutum biyu ko uku. Mutuncinka nake jiye maka.

Baba Magini:

Salamu alaikum. Yarona ad da wayar shi ka karanta mani, ni ka faɗi shina rubutawa. Shekarata ta fi talatin ina gini cikin garin ga, ban san gant ba ban san kat ba, amma Injiniya ka yi haƙuri akwai gyara ga lissafinka. Ka ce bohol shina iya jira har kwana talatin da wani abu. To da wane ruwa za a kwaɓa siminti? Da wane za a jiƙa bulo? In ba ku fara da bohol ba, ruwan tanka za ku saye tun daga fandisho har filasta, kuɗin shagon da shugaba ka so nan za su ƙare. A fara da ruwa, sannan a aza gini.

Kuma Malam ka ji wanga da kyau. Zafin Sakkwato na watan huɗu ba wasa na ba, kankare in anka zuba shi da rana tsaka ba a ba shi ruwa ba ƙonewa shikai, sama ta bushe ciki bai kama ba, bayan shekara ka ga tsaga. A zuba da sassafe ko da marece, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, a rufe da buhu jiƙaƙƙe. Waɗanga kwanakki ku sa su cikin takardarku, don masu takarda mantawa sukai da su su ce magini na da nawa. Siminti ga shi nan Kalambaina kusa, amma kada ku ce za ku tara buhu ɗari ku aje wata uku ƙasa, dunƙulewa shikai, a aza shi bisa katako nesa da bango.

Zancen kuɗi kuma, ni magini ne amma gaskiya guda ta. Kada ku ba ɗan kwangila kuɗi ya wuce aikin da yay yi. Kafin alƙalami kaɗan, saura sai an ga aiki. Wanda duk kuɗinai sunka riga aikinai to ku ka binai, ba shi ka bin ku ba.

Injiniya_Arkilla:

Baba ranka ya daɗe na karɓi gyara, ka kama ni. Malam ka ga abin da ake ce wa difendansi ke nan, wato dogaron wani aiki a kan wani, kuma wanda ke riƙe da cebur ya fi mai riƙe da biro saninsa. In bohol ya koma gaba sarƙar ta zama 12 da 46, kwana 58, bohol ya shiga kiritikal fat, yanzu mai injin in ya makara kowa ya makara. Kun ƙara kwana 12 kun rage kuɗin tanka, wannan shawarar kwamiti ce ba ta sakatare ba, ka kai musu duka biyun da lissafi su zaɓa. Ni dai na Baba zan bi. Maganar ban ruwa ma haka take, mu a gwaji sai kankare ya kwana 28 muke auna cikakken ƙarfinsa.

Kafin alƙalamin da ya ambata ko gwamnati ta sa masa iyaka, dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 kashi 15 cikin ɗari ta yanka, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida. Ku dokar ba ta hau kanku ba amma ma'auni ce mai kyau in wani ya zo yana neman rabi. Sannan a ƙarshe ku riƙe ritenshan, wato wani yanki na kuɗin ɗan kwangila da ba a biya nan take, bisa al'ada kashi 5, na wata shida bayan miƙa aiki, in rufi ya yi yoyo da ruwan farko da shi za ku jawo shi ya dawo.

abdul_tech:

ni fa ina ganin duk wannan tsohon yayi ne, yanzu duniya ajayil ake yi, ba a zama a tsara komai tun farko, sati bibbiyu ake yanka aiki a yi a duba a gyara. tun 2001 mutum 17 suka zauna a Utah ta Amurka suka fitar da tsarin. Malam ka sauke manhajar tsara aiki ta Trello a waya ka huta, in kana son abin da gaske kuma ka nemi satifiket ɗin PMP na ƙwararrun masu riƙe furojet

Injiniya_Arkilla:

Abdul waɗancan 17 ɗin masu rubuta manhaja ne, a can in ka yi kuskure gogewa kake yi ka sake. Je ka goge fandisho mu gani. Abin da zan ɗauka a wurinku shi ne ɗan taron nan na tsaye kowace safiya, minti goma, me aka yi jiya, me za a yi yau, me ya tsaya. PMP kuwa na cibiyar PMI ce da aka kafa a 1969, sai ka nuna shekarun riƙe aiki kafin ma su bar ka ka zauna jarrabawar, mutumin da aka ba sati biyu ba ita ce damuwarsa ba.

Ɗan Mabera:

Kai jama'a Allah ya biya ku, Baba Allah ya ƙara lafiya, Hajiya na gode. Daren jiya na zauna da rula na zana jadawalin a bayan tsohuwar kalanda, na kai ma dattawa bayan isha'i, liman ya riƙa bin sandunan da yatsa yana tambaya, da ya iso wurin rufi ya ce a matso da shi kafin watan shida, kun ga shi ma ya iya risk. Zancen shago kam an ɗan yi tsami, shugaba ya ce na cika boko, amma da na karanta mashi labarin ɗakin shan maganin Injiniya sai ya yi shiru, ƙarshe munka rubuta shago da katanga a wata takarda daban wai kashi na biyu, na gudummawar unguwa. Bai sa hannu ba tukun, ya ce sai ya yi shawara.

Yaran na ƙirga, na kuma aika matata ta tambayi matan layinmu inda suke son famfo, sun ce ta bayan makaranta wajen lungu ba bakin titi ba, mu kuwa bakin titi munka yi niyya.

Saura abu guda. Mai bohol na kira shi ya ce in komi ya tafi daidai kwana 8, yawanci 12, in an ci karo da matsala har 22. Wanne zan rubuta a fom?

Injiniya_Arkilla:

Ga aikin gida Malam. Ɗauki na farko, haɗa da na tsakiya sau huɗu, haɗa da na ƙarshe, raba da shida. 8 da 48 da 22 sun ba da 78, raba shida 13. Dabarar PERT ke nan, sojan ruwan Amurka suka fito da ita a 1958 lokacin aikin makamin Polaris. Rubuta 13, amma ka tambaye shi ko kwanakin nan sun haɗa da gwajin ƙasa da kafa tanki da sola, don yawancinsu haƙa kawai suke ƙirgawa. In ka zana sabon turo hoton kalandar in duba kafin ka aika.